Yadda Aka Gano Rowar Gajimaren da ke Haifar Taurari

Kaza da 'ya'yanta, wadda malamai ke kira Suraya, ba baƙuwa ba ce ga manomin Kamlin ko na Maiurno a bakin Shuɗin Nilu. Abin da bai cika sani ba shi ne 'ya'yan nan ciki ɗaya suka fito: wani gajimaren iskar gas da ƙura ne ya haife su, shekara wajen miliyan 100 da suka wuce. An daɗe kafin a gane haka.

A ƙarshen ƙarni na 18, William Herschel ya hangi wasu baƙaƙen wurare a tsakiyar taurari, ya ɗauka ramuka ne a sararin sama. Sai da Edward Barnard na Amurka ya yi ta ɗaukar su hoto, har ya fitar da jerinsu a 1919, sannan aka soma yarda cewa irin wannan gajimare ne ya tare haske.

Ganin cikinsa kuwa ya gagara. Yawancinsa haidurojin ne mai tsananin sanyi, kusan digiri 260 ƙasa da sifiri, kuma a irin wannan sanyi ba ya fitar da hasken da za a kama. A 1970 Robert Wilson, Keith Jefferts da Arno Penzias suka kama siginar rediyo ta kabon monoksaid daga gajimaren Orion. Iskar da ke kashe mai kwana da gawayi a rufaffen ɗaki, ita ta zama ma'aunin auna gajimaren.

Nan rigima ta taso. A 1974 Ben Zuckerman da Neal Evans suka yi lissafi: in da gajimaren na rufzawa kansa ba abin da ke riƙe shi, da taurarin da ake haifa a galaksinmu, wato babban tarin taurarin da ranarmu ke ciki, sun ninka na zahiri nesa ba kusa ba. Alhali abin da galaksin ke samarwa a shekara bai wuce nauyin rana ɗaya ko biyu ba. Kamar a shuka fadan ɗari ne a gonakin Jazira, a girbe biyu.

Wasu suka ce maganaɗisu ne ke riƙe gas ɗin, wasu suka ce hargitsin da ke cikinsa ne. Daga cikin galaksinmu da wuya a raba gardama, don muna tsakiyarsa. Sai da aka buɗe na'urar hangen nesa ta rediyo ALMA, mai faranti 66, a hamadar Atakama ta Chile a 2013, aka iya bin gajimaren maƙwabtan galaksi masu yawa ɗaya bayan ɗaya. Shirin PHANGS ya auna wajen galaksi 90 da ita.

Binciken galaksin NGC 300 da aka fitar a 2019 ya nuna gajimare na rayuwa kusan shekara miliyan 10, kuma kashi 2 zuwa 3 cikin ɗari kaɗai ke zama taurari. A ganina hujjar da ta fi ƙarfi a yau ita ce wannan: manyan taurarin da aka fara haifa, da zafinsu da iskarsu, su ne ke tarwatsa uwar tun kafin ta gama haihuwa.