Yadda Ake Gane Ma'anar Ƙarar da Ke Fitowa Daga Bak-akzil na Mota

Gabatarwa

Tun daga ranar 27 ga Agusta 1991, lokacin da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa kuma Dutse ta zama babban birninta, zirga-zirgar motoci ke ta ƙaruwa a wannan yanki. A kullum motocin haya da na kaya suna bin hanyar Kano zuwa Maiduguri wadda ta ratsa Wudil da Shuwarin, suna kuma shiga Kiyawa da Jahun da Miga da Birnin Kudu da Buji da Gwaram ɗauke da fasinjoji da hatsi da riɗi da dabbobi. Mafi yawan nauyin wannan kaya a kan ƙafafun baya yake sauka. Saboda haka muka ga ya dace mu yi wa direbobi da masu motoci bayani a kan ire-iren ƙarar da ke fitowa daga bayan mota, da abin da kowace take nufi, domin a gane matsala tun tana ƙarama, kafin ta kai ga asarar dukiya ko ta rai.

Mene ne bak-akzil?

Bak-akzil shi ne sunan da makanikai ke kiran ƙarfen nan da ya gitta ƙarƙashin mota ya haɗa tayoyin baya guda biyu. A motocin da ƙafafun baya ne ke tura su, ƙarfin inji yana fitowa daga akwatin giya, ya bi ta doguwar sandar da ake kira furofela, ya shiga tukunyar da ke tsakiyar bak-akzil. A cikin tukunyar akwai ƙaramar giya mai suna finiyan, wadda ke juya babbar giya mai kama da faifai da ake kira kuraun. Daga nan sanduna biyu ke kai ƙarfin zuwa tayar dama da ta hagu. A yawancin ƙananan motoci da bas-bas, furofela takan juya kusan sau huɗu kafin taya ta juya sau ɗaya.

A tsakiyar kuraun kuma akwai wasu ƙananan giyoyi waɗanda aikinsu shi ne su bai wa tayoyin biyu damar juyawa da gudu daban-daban. Wannan haɗin shi ake kira difransha. Dalilinsa kuwa shi ne, idan mota ta sha kwana, tayar da ke waje takan yi tafiya mai nisa fiye da ta ciki. Motar da tazarar tayoyinta ta kai mita ɗaya da rabi, idan ta karya kwana daga miƙaƙƙen titi zuwa wanda ya gitta shi, tayar waje za ta ɗara ta ciki da fiye da mita biyu. Wani injiniya ɗan ƙasar Faransa mai suna Onésiphore Pecqueur ne ya fito da wannan dabara ga abin hawa a ƙarshen shekarun 1820, kuma har yau a kanta ake tafiya.

Motocin da ke da irin wannan tsari a yankinmu sun haɗa da bas ɗin Toyota Hiace, da Toyota Hilux, da Mitsubishi Canter, da manyan motocin ɗaukar kaya, da kuma Peugeot 504 wadda kamfanin PAN na Kaduna, da ya fara aiki a 1975, ya daɗe yana harhaɗawa. Amma Golf da Sharan da J5 da yawancin Corolla da Honda ƙafafun gaba ne ke jan su, saboda haka ba su da difransha a baya. Idan aka ji ƙara a bayan irin waɗannan, to a nemi matsalar a boris ɗin ƙafa, ko taya, ko birki, ko shokazoba.

Abubuwan da ke kashe bak-akzil a yankinmu

Na farko shi ne lodin da ya wuce ƙima. A ranakun cin kasuwannin Shuwarin da Sara ba wuya a ga a-kori-kura ta durƙusa saboda buhuna. Irin wannan nauyi yana murƙushe boris, yana karya sifirin, wani lokaci ma yakan lanƙwasa jikin bak-akzil ɗin kansa.

Na biyu shi ne ruwa. Daga Yuni zuwa Satumba, musamman a shekarun ambaliya irin ta 2022 wadda ta shafi yawancin ƙananan hukumomin jihar, direbobi kan ratsa ruwa mai zurfi. A saman bak-akzil akwai wata ƙaramar kafa ta numfashi. Idan tukunyar ta yi zafi sannan ta shiga ruwan sanyi, iskar da ke ciki takan tsuke ta zuƙo ruwa ta wannan kafa ko ta bakin sil. Man giyar da ya gauraya da ruwa kuwa ba ya kare haƙoran giya.

Na uku shi ne yashi da ƙura. Idan mota ta kafe a cikin rairayi, direba ya yi ta taka totur taya ɗaya tana juyawa ɗayar na tsaye, ƙananan giyoyin difransha ne ke shan wahalar, domin ba a yi su don irin wannan gudu ba. Haka zalika ƙurar hunturu da taɓo sukan toshe kafar numfashi, sai iska ta matsa ta tura mai waje ta bakin sil.

Na huɗu shi ne zafin bazara, wanda a watannin Afrilu da Mayu yakan haura digiri 40. Man da ya daɗe ba a canza ba yakan tsinke a irin wannan yanayi. Na biyar kuma shi ne haɗa tayoyi masu girma daban-daban a baya, abin da ke tilasta wa difransha yin aiki ko da mota na tafiya a miƙe.

A fara kawar da abin da ba na bak-akzil ba

Kafin a bari makanike ya kwance tukunya, ya kamata a tabbatar cewa daga can ƙarar take, domin jikin mota yana ɗaukar sauti daga wuri zuwa wuri.

Ƙugin taya yakan canza idan aka sauka daga kwalta zuwa burji, ko aka ƙara wa tayar iska. Kukan giya kuwa ba ruwansa da irin hanya. A shafa hannu a kan tayar: idan an ji tudu da kwari, to ita ce mai ƙarar.

Idan ƙarar tana nan ko da mota na tsaye ana taka totur, to ta inji ce ko ta salansa. Idan sai an taka birki ake jin ta, a duba takalmin birki da durom. Idan kuma kwaramniya ce da ke tashi a kan gargada ko ramuka kaɗai, a duba shokazoba da bushin da notocin da suka ɗaure sifirin.

Gwaji a kan hanya

A zaɓi hanya miƙaƙƙiya mai kwalta mai kyau, a lokacin da babu cunkoso. A sauke kaya, a kashe rediyo, a sa mutum ɗaya ya zauna a kujerar baya yana saurare. A yi tafiya na kusan minti goma tukuna domin mai ya yi ɗumi. Sannan a lura da ƙarar a yanayi huɗu: lokacin da ake taka totur, lokacin da aka ɗaga ƙafa mota na cikin giya, lokacin da aka sa ta a firi na ɗan taƙaitaccen lokaci, da lokacin shan kwana. Kada a kashe inji yayin wannan gwaji, domin birki zai yi tauri kuma sitiyari na iya kullewa. A riƙe ainihin gudun da ƙarar ke farawa da wanda take ɗaukewa, saboda wannan bayani ne makanike zai fi buƙata.

Ire-iren ƙara da ma'anarsu

1. Kuka mai kama da fito wanda ke tashi idan an taka totur, ya lafa idan an ɗaga ƙafa. Wannan yana nuna haƙoran kuraun da finiyan sun cinye, ko ba a saita su daidai ba, ko mai ya yi ƙasa.

2. Kuka da ke fitowa sai an ɗaga ƙafa daga totur. Galibi boris ɗin finiyan ne ya saki, ko babban notin da ke riƙe da shi ya kwance.

3. Gurnani mai kauri da ke farawa daga misalin kilomita 30 a awa, yana ƙaruwa da gudu, kuma yana nan ko an sa firi. Wannan alamar boris ce. Domin bambance na ƙafa da na cikin tukunya, a karkata sitiyari a hankali hagu da dama. Idan aka karkata hagu nauyi yakan koma dama. In gurnanin ya ƙaru a lokacin, to boris ɗin ƙafar dama ne, haka kuma akasinsa. Idan karkatawa ba ta canza shi sosai ba, zato ya fi ƙarfi a kan boris ɗin cikin tukunya.

4. Ƙara guda ɗaya mai ƙarfi, "gwaf", a duk lokacin da aka sa giya, ko aka shiga ribas, ko aka taka totur bayan an saki. Mafi yawan lokuta kuros ɗin furofela ne ya cinye. In an duba shi lafiya, to sarari ya yi yawa tsakanin haƙoran kuraun da finiyan.

5. Bugu mai maimaituwa, "ƙwas-ƙwas", da ke bin gudun mota. Wannan yakan nuna haƙori ya karye. Saurin bugun yana faɗin wurin: a gudun kilomita 60 a awa taya na juyawa kusan sau takwas a daƙiƙa, furofela kuwa fiye da sau talatin. Bugun da ake iya ƙirgawa idan ana tafiya a hankali na kuraun ne ko na taya, mai sauri ƙwarai kuma na finiyan ne. Kafin a yanke hukunci a duba ko dutse ko ƙusa ce ta maƙale a taya.

6. Ƙara da ba a jin ta sai a kwana. Wannan aikin ƙananan giyoyin difransha ne. Amma masu Hilux da makamantanta su fara duba ko an manta motar a giyar ƙafa huɗu, domin tafiya da ita haka a kan busasshiyar kwalta takan sa mota turjiya da ƙara a kwana.

7. Karkarwa da ake ji a kujera da daɓen mota, wadda ke ƙaruwa da gudu. A duba furofela ko ta lanƙwashe, da kuros, da boris ɗin tsakiya da ke riƙe da ita.

Dubawa a gareji

Bayan tafiya, a kusantar da bayan hannu ga tsakiyar kowace ƙafa ba tare da taɓawa ba. Wadda ta fi ɗayar zafi sosai, boris ɗinta ko birkinta na da matsala.

Sannan a ɗaga motar a wuri mai tauri, a tare tayoyin gaba, a sa ƙarafan tokare. Muna gargaɗi da babbar murya cewa kada kowa ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, ko wadda aka ɗora a kan bulo. A juya kowace taya da hannu a saurara, a kama ta sama da ƙasa a girgiza. A murɗa furofela gaba da baya a ga ko kuros na motsi.

A buɗe notin zuba mai da ke jikin tukunya mota na daidai a ƙasa: man ya kamata ya kai bakin ramin. Idan ya yi fari kamar kunu, ruwa ya shiga. Idan ya yi baƙi yana warin ƙuna, zafi ya cinye shi. Garin ƙarfe mai laushi kaɗan a kan maganaɗisun notin tsiyaya ba abin damuwa ba ne, amma ɓarɓashi da gutsattsari na nufin sai an kwance. Idan kuma aka ga mai na tsatsafowa a bayan durom, to sil ya mutu, kuma man zai jiƙa takalmin birki ya hana shi kamawa.

Alamomin da ke wajabta tsayawa nan take

Idan aka ji ƙarar niƙa kamar ana goga ƙarfe da ƙarfe, ko aka ga hayaƙi ko aka ji ƙauri daga ƙafar baya, ko taya ta fara lilo, ko mai na zuba a ƙasa, to a sauka gefen hanya a sauke fasinjoji. A ƙananan motoci da yawancin bas-bas, sandar da ke juya taya ita ce kuma ke ɗauke da nauyin mota, saboda haka idan boris ya tarwatse sandar na iya zarewa ta fita da tayar baki ɗaya. Haka nan tukunyar da mai ya ƙare mata na iya cijewa, ƙafafun baya su kulle mota na cikin gudu. Idan haɗari ya auku, ana kiran Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wato FRSC, wadda aka kafa a 1988, a kan lamba 122 kyauta.

Gyara da rigakafi

A yi amfani da man giya mai alamar GL-5, mai kaurin da littafin motar ya ambata, wanda sau da yawa yakan kasance 80W-90 ko 85W-140. Baƙin man inji ba ya maye gurbinsa, domin haƙoran kuraun da finiyan suna gogar juna da matsi mai tsanani. A canza man a kan lokacin da kamfanin motar ya tsara, a kuma canza shi ba da jinkiri ba duk lokacin da aka ratsa ruwan da ya kai tsakiyar taya. A riƙa share kafar numfashi.

Kuraun da finiyan tare ake ƙera su, tare kuma ake canza su. Haɗa sabo da tsoho ɓarnar kuɗi ce. Saita su aiki ne na awo, domin sararin da ake bari tsakanin haƙoran bai cika wuce kashi ɗaya zuwa biyu cikin goma na milimita ba, saboda haka a kai wa makaniken da ke da ma'aunin yin hakan. Wanda zai sayi bak-akzil na hannu kuma ya tabbatar adadin haƙoransa ya yi daidai da na motarsa. Zuba mai mai kauri fiye da ƙima ko wani abu daban don a danne ƙara kafin a sayar da mota ha'inci ne, kuma yana jefa rayuwar wasu cikin haɗari.

Kammalawa

Muna kira ga direbobi da masu motoci da shugabannin tashoshi a Dutse da kewaye da su ɗauki kowace sabuwar ƙara da muhimmanci, su kuma kiyaye ƙa'idar lodi. Kuɗin boris ɗaya da man giya bai kama ƙafar kuɗin sabon difransha ba, balle ran fasinja. Hausawa dai sun ce gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Allah Ya kiyaye hanya, Ya kai kowa gida lafiya.