Gasar Ɗalibai ta Zayyana Mazubin Abinci da Abin Sha

Gabatarwa

Ƙunsa abinci daɗaɗɗiyar hikima ce a ƙasar Hausa. Fatake sun riƙa ɗauko goro daga Gwanja a cikin huhu da ganye don kada ya bushe, ana zuba fura da nono a ƙwarya, ana naɗe kilishi a takarda. A yau wannan aiki ya zama fannin ilimi mai zaman kansa, har ana shirya wa ɗalibai gasa a kansa. Mun kawo wannan bayani ne domin iyaye da malamai da jami'an ƙananan hukumomi, musamman na Sabon Birni da Isa, su san gasar da amfanin da ke cikinta.

Masu shirya gasar

Ƙungiyar masana harkar mazubi ta duniya, wato WPO, an kafa ta a birnin Tokiyo na ƙasar Japan a shekarar 1968. Ita ce ke ba da lambar yabo ta WorldStar, wadda ke da ɓangare na musamman domin ɗaliban manyan makarantu. Ana gudanar da gasar kowace shekara, kuma abinci da abin sha suna cikin rukunanta. Waɗanda suka yi fice suna samun lambar zinariya ko ta azurfa ko ta tagulla. Bisa ƙa'ida, ɗalibi yakan fara shiga gasar ƙasarsa ko ta yankinsa wadda ƙungiyar ta amince da ita, kafin aikinsa ya kai matakin duniya.

Abin da alƙalai ke dubawa

Kyan gani kaɗai ba ya isa. Ana duba ko mazubin yana kare abinci daga lalacewa, ko zai ja hankalin mai saye, ko za a iya ƙera shi da yawa, da kuma ko zai gurɓata muhalli bayan an jefar da shi. Akwai lamba ta musamman ga mazubin da ke rage asarar abinci. Dalili kuwa shi ne, a shekarar 2011 Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na abincin da ake samarwa domin jama'a yana salwanta.

Darasi daga buhun wake

Manoman Gangara da kewaye ba baƙi ba ne ga ɓarnar da ƙwari ke yi wa wake a ajiya. A shekarar 2007 Jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙaddamar da shirin yaɗa buhun PICS a Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, har da Nijeriya da Nijar. Buhun yana da leda biyu masu kauri a ciki da buhun saƙa a waje. Idan aka ɗaure kowanne da kyau, iska ba ta shiga, sai ƙwarin su daina ci, su mutu, ba tare da an zuba magani ba. Muhimmancin wannan ya ƙara fitowa a shekarar 2015, lokacin da Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan maganin ƙwari a jikinsa. Buhun aikin masu bincike ne, amma irin wannan tunani ne gasar ke nema daga ɗalibi.

Inda ɗalibanmu za su fara

Matsalolin da ke jiran mafita suna nan a kasuwanninmu: albasa da ke ruɓewa idan buhu ba ya shan iska, kilishi da ƙuli-ƙuli da ke kwasar ƙura, da kauɗar tumatir da ke lalacewa idan danshi ya taɓa ta. Ga mai son zurfafa karatu, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tana da sashen zayyanar kayan masana'antu. Haka kuma, wajibi ne mai zayyana ya san ƙa'idar hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993: a rubuta sunan abincin da abubuwan da aka haɗa, da nauyinsa, da suna da adireshin mai sarrafawa, da ranar da aka yi shi da ranar da zai lalace.

Kira

Muna kira ga shugabannin makarantu da jami'an gona su riƙa haɗa ɗalibai da manoma da mata masu sana'ar abinci, su saurari kokensu kafin su ɗauki alƙalami. Ko ɗalibi bai ciyo lamba ba, mazubin da ya hana amfanin gona lalacewa riba ce ga garinsu.