Masu Jinya a Ƙauyukan Aro

A shekarar 1954, Dakta Thomas Adeoye Lambo ya ɓullo da sabon tsarin kula da masu taɓin hankali a Aro, kusa da Abeokuta. Maimakon tsare mara lafiya a asibiti, akan sauke shi a ƙauye tare da wani nasa, galibi uwa ko 'yar'uwa. Ita ke girki da wanki, ta raka shi asibiti da safe, ta komo da shi da yamma.

Tarihi ya adana sunan likitan, amma mun manta da waɗanda suka bar gona da kasuwa watanni domin jinya. Har yau asibitocinmu sun dogara ga mai jinya, alhali sau da yawa a baranda yake kwana. In gajiya ta kayar da shi, wa zai ɗauki mara lafiya?