Shingen Lalle a Ƙasar Ruma

Akwai masu ɗaukar cewa dasa tsiro mai fure a gefen lambu al'ada ce da Turawa suka zo da ita. Lalle ya ƙaryata wannan. Itace ne mai shekaru, mai son rana, mai ƙananan furanni farare da ƙamshinsu ke tashi da yamma, kuma tun kafin J. M. Dalziel ya sa sunansa a littafinsa na tsirran ƙasar Hausa a 1916, manoma ke jera shi a bakin garka da bayan gidaje. A ganina, tarihin lalle a ƙasar Ruma tarihin zaman lafiyarta ne.

Bayan da masu jihadi suka karɓi Katsina wajen 1807, sarakunan Haɓe suka koma arewa suka kafa Maraɗi, sai ƙasar Ruma, wato yankin Batsari da Safana na yau, ta zama bakin daga, ga kuma dajin Rugu da mahara ke fakewa a ciki. Mai zaman ɗar-ɗar gero yake shukawa, ya girbe cikin wata uku ya kai rumbu. Lalle kuwa sai wanda ya san baɗi yana nan, domin dashen yana neman ban-ruwa a shekarar farko da kariya daga awaki, kafin rassan su tsufa su yi ƙaya. Saboda haka muhallinsa a wancan zamani cikin ganuwa ne, kusa da rijiya, kuma hankali ya fi karkata ga cewa sai bayan 1903, da hare-hare suka lafa mutane suka bazu ƙauyuka, ya samu sararin bin su.

Wani zai ce ai ba don fure ake dasa shi ba. Gaskiya ne, har ma akan sare rassan kafin su yi huda, don ganyen ake so: a shanya a inuwa, a daka, a tankaɗe, a kwaɓa, amarya ta zura hannu a zunguru. Amma wannan amfanin shi ya raya shi. Furen ado zalla ba ya jure rani a inda mata ke tafiya mai nisa neman ruwa. Wanda ake buƙata a kowane biki, ake kuma auna garinsa a kasuwa, shi ake ragewa ruwan tulu. Abin da ke barazana gare shi yanzu biyu ne: ƙunshin kanti da ake shigowa da shi daga Indiya, da 'yan bindigar da suka raba ƙauyuka da dama da gonakinsu.