Garaya mai fitila, ko garaya mai amo? Zare

1/
Satin da ya wuce na ga wata garaya a kasuwa, an shafe ta da fenti ruwan gwal, an liƙa mata madubai, har da 'yar fitila mai batir a wuya. Na taɓa tsirkiyar, sai na ji kamar an buga tsohon bokiti. Shi ne na ce bari mu yi zare a kan tarihin kayan kiɗanmu masu tsirkiya. Ku biyo ni.

2/
Tun kafin jita ta shigo, Bahaushe na da nasa. Garaya mai tsirkiya 2, molo mai 3, gurmi mai jikin ƙwarya, kuntigi mai tsirkiya 1 tal. Goge da kukuma kuwa gogawa ake yi, da izgar doki. Kowanne da mutanensa. Garaya ta maharba ce tun asali, daga baya ta zama ta 'yan bori.

3/
Mu 'yan yankin Funtua da Malumfashi wannan tarihin namu ne. A ƙauyukan Maguzawa da ke kewayen Malumfashi, inda masanin tarihi Murray Last ya zauna ya yi bincike wajen 1970, bori na raye, kuma garaya ce kiɗansa. Ana iya kwana ana kiɗa. Garayar da ta saki a tsakar dare ta kunyata makaɗi a gaban jama'a.

4/
Ga yadda ake haɗa ta. Masassaƙi ya fafe ice ya busar da shi sosai. A rufe bakin da fata, a ja ta ta ɗame. A soke sanda ta ƙarƙashin fatar, ita ce wuya. A ɗaure tsirkiya da igiyar fata, wadda ake turawa sama ko ƙasa don daidaita murya. Duk sirrin na wajen ice da fata.

5/
Alƙalin aikin kuwa yanayi ne. Da damina fata na shan danshi ta saki, amo ya mutu, shi ya sa za ka ga makaɗi na kara ta kusa da wuta kafin ya fara. Da hunturu kuma ɗanyen ice tsagewa yake. Garayar da ta ga damina ta ga hunturu tana nan daram, ita ce ta ci jarrabawa.

6/
To kada wani ya ce magabata ba sa son sabon abu. Ku dubi Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015. Jikin kuntiginsa gwangwanin kifi ne da aka rufe da fatar akuya. Gwangwani fa, kayan kanti! Amma ba ya tsagewa, ba shi da nauyi, ga kaifin amo. Da shi ya zagaya duniya.

7/
Haka tsirkiya. Da zaren roba irin na masunta ya samu, masu gurmi da garaya da yawa suka koma kansa, don ya fi juriya kuma ga araha. A Nijar ma, Mdou Moctar da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko. Duk sabon abu ne, kuma duk an kawo shi ne don kiɗan ya fita.

8/
Akwai wani ɗan faifan ƙarfe mai zobba da ake makalawa a ƙarshen wuyan garaya. Baƙo zai ɗauka ado ne. Wallahi aiki yake yi: duk bugun tsirkiya sai ya yi kacau-kacau, ya ƙara wa kiɗan kauri, na nesa ma ya ji. Kun ga ko abin da ya yi kama da kwalliya, sai da ya biya kuɗin zamansa.

9/
Mamman Shata, da ya yi zamansa a nan Funtua ya rasu a 1999, ba mai tsirkiya ba ne, kalangu ke masa kiɗa. Amma darasin ɗaya ne. Ya ga zuwan faifan garmaho, ya ga kaset, ya ga talabijin. Ya shiga dukkansu, kalangunsa na nan yadda yake, itace da fata da tsirkiyar matsawa.

10/
Abin da ya canza lissafi shi ne fiyano. Daga shekarun 1990, da finafinan Kano suka bunƙasa, mutum ɗaya a situdiyo na iya kwaikwayon ganga da goge da maɓalli. Makaɗa suka ragu. Mai sayen garaya yanzu sau da yawa mai neman abin ratayewa a falo ne, ko ɗalibi mai shirin ranar al'ada.

11/
Don haka ban ga laifin mai haɗawa ba kai tsaye. Yana da iyali, kuma mai fenti ta fi saurin fita. Busar da ice na cin lokaci, fenti kuwa yini guda ya isa. Matsalar ita ce yaron da ke koyo a hannunsa zai iya liƙa madubi, bai san yadda ake ɗame fata ba. In tsohon ya tafi, shi ke nan.

12/
Ni dai matsayina: a sa wa gurmi na'urar da za ta haɗa shi da lasifika, madalla, zai shiga situdiyo da zauren biki. A yi masa jaka mai kare danshi, madalla. Amma a fara gama ice da fata tukuna. Lasifika ba ta gyara mummunan amo, ƙara masa ƙarfi kawai take yi.

13/
In za ka saya, buga ta ka saurara kafin ka duba kala. Danna fatar da yatsa. Tambayi mai ita wane ice ne, yaushe aka sare shi. In ya amsa ba gargada, biya shi ba tare da dogon ciniki ba.

14/
Wa ya san wani dattijo da har yanzu ke haɗa garaya ko gurmi a Bakori, Ƙafur, Ɗanja ko Ƙanƙara? Ku faɗi garin kawai a ƙasa. In an yi hutu zan je da littafina, in Allah Ya yarda.