Sanƙarau na 1996 da Haƙƙin Mai Jinya

 Yau tarihi za mu taɓa, kuma wasunku da idonsu suka gan shi.

A farkon shekarar 1996, da zafin bazara, annobar sanƙarau ta afka wa Arewa. Yaro zai kwana lafiya, gari ya waye da zazzaɓi, wuya ya sage, kafin la'asar ya fita hayyacinsa. Mutum dubbai suka rasu a Nijeriya a wannan shekara, galibi yara. Daga ƙauyuka aka riƙa kwasar su a bayan a-kori-kura zuwa Kano, zuwa asibitin cututtuka masu yaɗuwa da muke kira Asibitin Zana. Gado ya ƙare, wasu a tabarma aka shimfiɗe su.

Ana cikin haka sai ga ma'aikatan kamfanin Pfizer na Amurka da sabon magani mai suna Trovan, wanda suke son gwadawa. Suka ɗauki yara kimanin 200, rabi aka ba su sabon, rabi aka ba su wani sananne da ake kira ceftriaxone. Yara 11 suka rasu, biyar a ɓangaren Trovan, shida a ɗaya ɓangaren. Wasu suka tashi da kurumta ko shanyewar jiki. Kamfanin ya ce aikin cutar ne, don sanƙarau da kansa yana yin haka, kuma gaskiya yana yi.

To amma inda gizo yake saƙar daban ne. Shin an gaya wa iyayen cewa gwaji ake yi? Kamfanin ya ce nas-nas 'yan gida sun yi musu bayani da Hausa, sun amince da baki. Iyayen suka ce ba wanda ya gaya musu, ba su kuma san cewa a cikin asibitin nan likitocin agaji na ƙungiyar MSF suna ba da maganin da aka saba da shi kyauta ba. Takardar sa hannun iyaye kuwa babu. Kun ga ke nan shari'ar duka ta rataya a kan 'yan kalmomin da suka shiga tsakanin nas da uwa a bakin gado.

Ku sa kanku a matsayin uwar nan. Ta taso daga ƙauye tun asuba, ba ta jin Turanci, ɗanta na suma a bayanta. Likita Bature ne, fuskar da ta sani guda ce, ta wannan mai farar riga da ta ce mata “sannu Baba, kawo shi nan”. Duk abin da ta ce, shi za ta yi. Shi ya sa a makarantar koyon jinya ake nanata wa ɗalibai cewa “to” ɗin wanda bai fahimta ba, ba amincewa ba ce. Dole a gaya masa mene ne maganin, me zai iya haifarwa, akwai wani ko babu, kuma yana da ikon ya ce a'a ba tare da an kore shi ba. Ba sabuwar ƙa'ida ba ce. Tun 1947 aka rubuta ta a birnin Nuremba na Jamus, bayan shari'ar likitocin Hitila da suka yi gwaji a kan fursunoni, kuma ƙungiyar nas-nas ta duniya ta fitar da kundin ladubban aikinta a 1953. Ni dai ban ɗora laifin a kan nas-nas ɗin Zana ba. Ƙaramar ma'aikaciya a tsakiyar annoba, manya sun ba da umarni, ba abu ne mai sauƙi ta ɗaga murya ba. Sai dai ita ce bakin mara lafiya, in ta yi shiru ba shi da wani.

Labarin ya fallasa a ƙarshen shekarar 2000, lokacin da jaridar Washington Post ta buga shi. A 2003 Jihar Kano ta dakatar da ɗigon rigakafin shan inna saboda jita-jitar cewa yana hana haihuwa. Dalilai da yawa ne suka haɗu, har da siyasa, amma in ka tambayi magidanci me ya sa ya hana a ɗiga wa ɗansa, sau da yawa Trovan zai ambata maka. Sai a watan Yuli na 2004 aka ci gaba, da maganin da aka sayo daga Indonusiya, bayan cutar ta tsallaka ƙasashen da a da suka rabu da ita. Matan da ke bi gida gida da akwatin ƙanƙara su suka sha kora da baƙar magana, har a watan Fabrairun 2013 'yan bindiga suka kashe tara daga cikin ma'aikatan rigakafi a Kano. Sai a 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da shan inna na asali.

Gwamnatin Kano ta kai Pfizer kotu a 2007. A 2009 aka sasanta a kan dala miliyan 75, ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba. Kafin a biya iyali diyya sai an yi gwajin ƙwayar halitta an tabbatar ɗansu na cikin yaran. Iyalai huɗu na farko sun karɓi nasu a 2011, shekara goma sha biyar bayan annobar.