Ƙadangarun da ba su da namiji: abin da kundin gado ya bayyana

A jihar New Mexico da ke kudu maso yammacin Amurka akwai wani siririn ƙadangare mai doguwar wutsiya, wanda masana ke kira Aspidoscelis neomexicanus. Duk mata ne. Macen kan saka ƙwai ba tare da barbara ba, ƙwan ya ƙyanƙyashe, a samu 'ya mace mai ɗauke da ƙwayoyin gado irin na uwarta sak. Masanin Rasha Ilya Darevsky ne ya fara tabbatar da irin wannan haihuwa a shekarar 1958, cikin ƙadangarun duwatsu na yankin Kokasas.

Asalin na New Mexico barbarar yanyawa ce tsakanin jinsi biyu daban, marmoratus da inornatus. Nazarin sinadarin DNA ya ƙara tabbatar da haka. Kowace dabba na gadon rabin kundin halittarta daga uwa, rabi daga uba, amma akwai wani ɗan guntun DNA da ke cikin sashen da ke samar wa ƙwayar halitta kuzari, wanda daga uwa kaɗai ake gadonsa. Da aka bi wannan sawu, sai aka ga marmoratus ce uwar farko, inornatus kuma uban.

Wanda ya san alfadari zai yi mamaki. Shi ma ɗan jaki ne da goɗiya, amma ba ya haihuwa, domin ƙunshin gado 32 da ya samo daga uwa da 31 na uba ba sa jeruwa bibbiyu yayin haɗa ƙwan haihuwa. Ƙadangaren ya kauce wa wannan tarko. Binciken da ayarin Peter Baumann ya wallafa a 2010 daga Cibiyar Stowers da ke birnin Kansas ya nuna cewa ƙwayar da za ta zama ƙwai tana ninka ƙunshin gadonta tukuna, sannan kowane ya jeru da kwafinsa. Ta haka ƙwan ke fitowa da cikakken kaso, kuma gaurayen da aka gada daga iyayen biyu ba ya zubewa. A 2011 ayarin ya samar da sabon jinsi na mata zalla a ɗakin gwaji.

A wannan shekarar ce kuma aka wallafa cikakken kundin gadon koren ƙadangaren Amurka, Anolis carolinensis, na farko a cikin ƙadangaru. Tun daga nan aikin ya yi sauƙi. Nazarin ƙadangarun bango na Turai, dangin Podarcis, ya nuna cewa zuriyoyin da suka rabu shekaru miliyoyi sun sha komowa suna musayar ƙwayoyin gado. Wannan ya raunana tsohuwar ma'anar jinsi, wadda ke cewa jinsi biyu ba sa haifar zuriya mai ɗorewa, kuma batun ya wuce gardamar malamai, tunda da sunan jinsi ake rubuta dokokin kare dabbobi.

Rashin namiji na da riba: kowace ƙadangaruwa na saka ƙwai, don haka suna yaɗuwa da sauri. Sai dai kamannin gadonsu ya sa cutar da ta iya kayar da ɗaya tana iya kayar da sauran.